Tsoffin kuɗin azurfa guda ukku daga Libiya, in narke su ko in aje?

Dan_Adar_Tawa:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sani ku taimaka mini. Yayana ya dawo daga Libiya, shina aikin gini can wajen Misrata, cikin tsarabar da ya zo da ita akwai wasu tsoffin kuɗin ƙarfe guda ukku da wani wanda sunka yi aiki tare ya ba shi madadin bashi, ya ce mai wai na Romawa ne kuma azurfa ce. Shi yayan nawa bai damu da su ba ya bar mini, ni ko na kai ma wani maƙerin fari nan Tawa ya goga gefen guda bisa dutse ya ce e akwai azurfa amma ba mai kyau ba ce, in ina so ya haɗa su duka ya narke ya ƙara kaɗan ya yi mini zobe. Na ce ya dakata tukuna.

Ga yadda suke. Ta farko ƙarama ce ba ta kai dala goma faɗi ba, ta yi baƙi-baƙi, akwai kan wani mutum mai gemu nannaɗe da ganye ɗaure ga kai, rubutun da na iya karantawa SEVERVS PIVS AVG. Bayanta wata mace ce tsaye da wani abu bisa kanta kamar hannun giwa, ga wata dabba gun ƙafafunta ban sani ba ko zaki ne ko kare, an rubuta P M TR P XV COS III P P. Ta biyu ta ɗan fi ta girma, yaro ne ba gemu da hula mai tsini-tsini, IMP GORDIANVS PIVS FEL AVG, bayanta ya suɗe sai wani tsaye da sanda da IOVI STAT kaɗai ake gani. Ta ukku ita ce mai ƙyalli, bayanta wuƙaƙe biyu da hula tsakiya an rubuta EID MAR. To ita wannan da na sa rubutun cikin Google sai na ga ana maganar miliyoyi, wallahi tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Mi kuka gani? Na gaske ne? Kuma mi zanen nan yake nufi?

Malam_Tarihi_Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko, kar ka bari a narke ko guda, kuma kar ka sake bari a goga su bisa dutse. Ta farkon ita ake kira denariyus, kuɗin azurfa na Romawa, kuma denariyus na zamanin sarki Seferus nauyinta gram 3 da ɗan wani abu ne kuma kusan rabinta kawai azurfa, sauran jan ƙarfe, kenan in an narke gram ɗaya da rabi za ka samu, ko rabin zoben kirki ba za ta yi ba, alhali abin da ke bisa kanta ya shekara 1800 yana nan.

Bari in fara da ta ukku don ka samu ka yi barci. EID MAR na nufin 15 ga watan Maris, ranar da aka kashe Yuliyus Kaisar a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka soke shi, shi ya sa aka buga ta a shekara ta 42, wuƙaƙen biyu na kisan ne, hular kuma irin wadda ake sa wa bawa ce ranar da aka 'yanta shi, wato yana cewa mun kashe azzalumi mun 'yanta Roma. Abin dariya shi ne ɗaya daga cikin laifin da suka ga Kaisar ya yi shi ne sa fuskarsa bisa kuɗi yana da rai kamar wani sarki, sai ga Burutus ɗin ya sa tashi fuskar a gaba. Na azurfa da aka sani a duniya duka wajen ɗari ne, shi ya sa tana cikin kuɗin da aka fi yi wa jabu, ana saida kwafinta ga 'yan yawon buɗe ido ko'ina. Ban ce ba zai yiwu ba, amma wanda ya riƙe ta gaske ba zai biya bashin aikin gini da ita ba.

Ta farkon ita ce ta burge ni, kuma in ta gaske ce ka yi sa'a da irin zanen da ya faɗo maka. Mai gemun Septimiyus Seferus ne, ya yi sarautar Roma daga 193 zuwa 211 miladiyya, kuma ɗan Afirka ne, an haife shi a Leptis Magna wadda kufanta ke nan bakin teku tsakanin Tarabulus da Misrata, kusa da inda yayanka ya yi aiki. Ya mutu da rashin lafiya can York ta Ingila lokacin da ya kai yaƙi. Matar da ka gani ba wata mace ba ce da ta taɓa rayuwa, lardin Afirka ne aka zana da siffar mace, haka Romawa ke yi ma ƙasashe, kuma alamarta kullum fatar kan giwa ce da take sawa kamar hula, da hauren da hannun duka. Dabbar zaki ne. In ka duba da kyau za ka ga ta tattaro bakin zanenta tana riƙe da amfanin gona ciki, don Afirka ta Arewa ita ke ciyar da birnin Roma da alkama a wancan zamani.

Haruffan baya su ne kwanan wata, Romawa ba sa rubuta shekara da lamba irin tamu, muƙaman sarki suke jerawa. P M shugaban limaman addininsu, TR P wani iko ne da ake sabunta ma sarki duk shekara, to XV na nufin karo na 15, in ka ƙirga daga 193 ka faɗo 207. COS III ya riƙe muƙamin konsul, wani babban muƙamin mulki na Roma, sau ukku, P P uban ƙasa. Kenan an buga ta a 207, shekara huɗu kafin rasuwarsa. Ni wannan ne abin da ya sa nake son kuɗin nan, lokacin ba rediyo ba jarida, mafi yawan talakawan daula ba za su taɓa ganin sarki ido da ido ba, sai ta kuɗin da soja ya karɓa albashi ya kai kasuwa za a san kamanninsa da abin da yake so a ce game da shi. Sarki ɗan Afirka ya sa Afirka tsaye da abinci a hannu da zaki a ƙafa, ai ba banza ba.

Ta biyu Gordiyan na ukku ne, ya hau yana ɗan shekara 13 a 238 ya mutu a 244, shi ya sa ba gemu. Hular mai tsini hasken rana ce, kuma ita ce alamar cewa wannan kuɗin biyu ne na denariyus. Karakalla ɗan Seferus ya ƙirƙiro ta a 215, aka ce ma mutane darajarta biyu amma nauyinta ɗaya da rabi ne, wayon gwamnati dai ba yau ya fara ba. Na tsayen Jupita ne babban abin bautarsu. Irinta suna da yawa ƙwarai.

Makerin_Fari_227:

Malam ya gama magana wajen tarihi, ni bari in sa baki wajen ƙarfe tunda sana'ar gidanmu ce. Ɗan uwa ka gane, Romawa ba zubi suke yi ba, bugu suke yi. Ana yanko ɗan guntun azurfa a aza bisa hatimi na ƙasa a ɗora na sama a maka guduma, saboda haka ba ka samun biyu da suka yi daidai da juna sak, wata zanen ya karkace gefe, wata rubutun ya fita waje rabi, bakin kuma yakan ɗan tsattsage saboda ƙarfin bugu. Wannan tsagewar ta baki alama ce mai kyau, kar ta ba ka tsoro.

Mai jabu shi ko galibi zubi yake yi, ya samu ta gaske ko kwafi ya danna cikin laka ko yashi ya zuba ƙarfe. Mu da muke zubi kullum mun san abin da ba ya ɓoyuwa. Ka je gun masu gyaran waya ka ari gilashin nan nasu na dubawa ka bi bakin kuɗin zagaye, in ka ga wani siririn layi ya bi gefen duka inda murfin biyu suka haɗu, ko ka ga alamar an bi da zarto an share shi, zubi ne. Ka duba fili inda ba zane, in akwai 'yan ramuka ƙanana ko ƙuraje-ƙuraje iska ce ta shiga lokacin zubi. Haruffa kuma na bugu bakinsu kaifi gare shi ko da sun suɗe daga sama, na zubi sai ka ga duk sun yi laushi kamar sabulun da ya kwana cikin ruwa. Sannan ka kai gun masu saida zinariya su aza maka bisa sikelinsu, ka rubuto mana nauyin kowacce. Mayen ƙarfe ma ka gwada, in ya kama to magana ta ƙare, amma in bai kama ba ba shaida ba ce don jan ƙarfe da dalma ma ba ya kama su.

Kuma don Allah kar ka wanke. Na san halinmu, yanzu wani zai ce ka sa lemun tsami da toka ta yi fes. Baƙin nan masu tarawa shi suke so. Ni kakana ya narke dalolin Mariya Tereza ba adadi, waɗanda duk 1780 ke rubuce bisa su ko yaushe aka buga su, da su ake kurosin Agadas da mundaye, amma waɗancan an buga su miliyoyi kuma azurfarsu mai kyau ce, kowa ya san don ƙira ake sayensu. Wannan taka ba irinsu ba ce.

Abu_Sumayya:

Ni tambayata daban ce, Malam da kansa ya ce akwai abin bautarsu bisa guda. Ya halatta musulmi ya aje irin wannan cikin ɗakinsa? Ni dai da ni ne in rabu da su.

Malam_Tarihi_Yamai:

Abu Sumayya hukunci na malaman fiƙihu ne, a tambaye su, ni abin da zan iya faɗi na tarihi ne. Zamanin Manzon Allah (SAW) da halifofi huɗu Larabawa ba su da kuɗin kansu irin wanda muka sani daga baya, da dinarin zinariya na Rumawa mai hoton sarkinsu da dirhamin azurfa na Farisa mai hoton Kisra da wurin bautar wuta ake ciniki. Sai zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, shekara ta 77 bayan hijira, aka fitar da dinari mai rubutu zalla ba hoto.

Hajiya_Mai_Tsaba:

Sannunku. Ni 'yar Yamai ce amma ina zaune Faransa, kuma wannan abin shi ne ɗan abin da nake kashe ma kuɗi in na samu rara, mijina har tsiya yake mini wai ina sayen kuɗi da kuɗi. Ƙanena bari in gaya maka maganar farashi don kar wani ya ruɗe ka ta ko wane ɓangare. Denariyus na gidan Seferus su ne waɗanda mai farawa ke fara saye don suna da yawa, wadda ba ta da wani abu na musamman ana samunta da euro 'yan gomomi, euro 50 kuwa wajen jika 33 ne na sefa. Mai Afirka takan ɗan fi haka don mutane na son zanen. Ta Gordiyan da bayanta ya suɗe ba za ta kai nan ba. Kenan ba arziki ba ne, amma ya fi abin da maƙeri zai ba ka nesa ba kusa ba. Mutane na ɗauka duk abin da ya tsufa tsada gare shi, a'a, daular ta buga su miliyoyi don biyan soja, sojan sarki Ogustus denariyus 225 yake karɓa a shekara, sarki Domishiyan ya maida 300, ka lissafa da dubban sojoji shekara da shekaru, kuma mutane na binne su cikin tukwane lokacin tashin hankali su mutu ba su dawo ba.

Ni ba na bin sarakuna ɗaya bayan ɗaya kamar yadda wasu ke yi, dabbobi da abin da ya shafi Afirka nake bi. Akwai ta Kaisar mai giwa tana take maciji da sunansa a ƙasa, ta shekara ta 49 zuwa 48 kafin miladiyya. Akwai ta Ogustus mai kada da aka rubuta AEGVPTO CAPTA, an kama Masar kenan, bayan ya gama da Antoniyo da Kiliyofatara sarauniyar Masar, wannan ta fi ƙarfin aljihuna. Sarki Hadiriyan da ya yi ta yawo cikin daula ya fitar da jerin larduna, tashi Afirkar kishingiɗe take da hular giwa, riƙe da kunama, ga kwandon hatsi gabanta, ita ce ta farko da na saya kuma har yau in na ɗauko ta kunamar nake fara nema don ƙanƙanuwa ce ƙwarai amma mai sassaƙar ya fitar da ƙarin wutsiyar. Ku mutanen Adar kuma ga taku, akwai mai raƙumi, ta shekara ta 58 kafin miladiyya, an zana Aretas sarkin Nabatawa, Larabawan yankin Jodan ta yau, durƙushe gefen raƙuminsa yana miƙa reshen itace, wato ya yi mubaya'a. Raƙumin ya fito sosai har da sirdi. Sarki Filib Balarabe kuma da Roma ta cika shekara 1000 a 248 ya buga masu zaki da barewa, ta matarsa dorina ce.

Matan sarakuna ma wani fage ne, ta gyaran gashi kaɗai za ka gane zamani. Juliya Domna matar Seferus ɗin naka, 'yar Homs ta Siriya, gashinta an jera shi layi-layi ya sauko ya rufe kunne an tattara shi baya, in ka gan shi sau ɗaya ba ka sake ɓata shi.

In kana son ka gwada taka da ta gaske ka nemi shafin OCRE a intanet, kyauta ne, ka sa sunan sarkin da rubutun baya zai fito maka da hotunan waɗanda ke gidajen tarihi. Amma abu guda, nan Faransa in za ka saida sai an tambaye ka daga ina ta fito da takardar da ke nuna hannun da ta bi. Waccan EID MAR da ka gani ta miliyoyi ta zinariya ce, an saida ta London a 2020 sama da fam miliyan 3, daga baya aka gano takardun asalinta na ƙarya ne, a 2023 hukumomin Amurka suka maida ta Girka. Kayan Libiya kuwa ido na kansu sosai tun bayan 2011 saboda satar kayan tarihi da aka yi ta yi.

Dan_Adar_Tawa:

Na gode ƙwarai Malam, Hajiya, da kai maƙeri, Allah shi saka da alheri. Na tahi kasuwa an aza mini. Mai gemu gram 3.1, ta yaron 4.2, mai wuƙaƙe 5.3. Da gilashin mai gyaran waya mun ga layin da kake faɗi zagaye da bakin mai wuƙaƙen, har wuri guda ƙyallin ya ɗaye wani ja-ja na leƙowa. Sauran biyun ba layi, mai gemu ma akwai 'yar tsaga ga baki. Yaron shagon ya ce in ba shi mai wuƙaƙen ya huda ya sa ga makullin babur. Wata tambaya kuma, wani abokina ya ce ai ko nan Nijar ana tono irinsu wajen Agadas, wai Romawa sun zo har nan, gaskiya ne?

Makerin_Fari_227:

5.3 ta yi nauyi da yawa, ta gaske wajen gram 4 take ko ƙasa da haka kaɗan. Jan ƙarfe ne aka shafa ma ruwan azurfa, ba shi ya sa ga makulli. Sai dai ka sani ko zamanin Romawan akwai 'yan jabu da ke naɗe jan ƙarfe da fallen azurfa su buga, shi ya sa wasu tsoffin za ka gan su da ɗan sara ko tambari da 'yan canji suka yi don su ga cikin, irin waɗannan jabun na da su ma ana tara su. Taka dai da layin zubi ta zamanin nan ce. Sauran biyun nauyinsu ya yi daidai da yadda ya kamata, amma ban rantse ba sai na riƙa a hannu, in ka shigo Yamai ka yi mini magana ta inbox.

Malam_Tarihi_Yamai:

Maganar abokinka a yi hattara da ita, irinta ce masu saida jabu ke fara yi. Ta wannan ɓangaren namu iyakar daular ta kudu a Libiya take, zamanin Seferus ɗin ma an gina sansanonin soja a Bu Njem da Ghadames, nan ne bakin. Kudu da su Garamantawa ne na Fezzan da babban birninsu Jarma, ba a ƙarƙashin Roma suke ba amma suna ciniki da ita, an tono tulunan mai da na giya da kayan gilashi na Romawa da yawa cikin kaburburansu. Can Abalessa ta ƙasar Hoggar a Aljeriya, cikin kabarin da Buzaye ke cewa na Tin Hinan ne wanda aka buɗe a 1925, an samu fallen zinariya mai ɗauke da shatar kuɗin sarki Kostantin. To daga nan in ka yi kudu abin sai ya zama ɗaiɗai ƙwarai, don cinikin hamada na wancan lokaci ba da tsabar kuɗi ake yinsa ba. Duk wanda ya zo maka da cikin gwangwani ya ce daga Ayar ya tono, ko dai daga arewa aka shigo da su ko kuma jiya aka zuba su.

In kuma da gaske wani ya ci karo da wani abu cikin ƙasa, wurin da aka same shi da abin da ke kewaye da shi sun fi abin kansa amfani ga masu bincike, da an cire an sa aljihu wannan ilimin ya tafi. Mun ga yadda aka yi da Bura can yankin Tera, bayan an gano wurin a 1975 mutane suka afka da tono, kawunan laka da tukwanen kabari suka watse kasuwannin Turai. A sanar da cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni ko gidan tarihi na Boubou Hama. Naka biyun ka naɗe kowacce daban cikin 'yar takarda mai tsabta, kar ka sa su cikin leda ko wuri mai damshi, ka rubuta sunan wanda ya ba yayanka da garin da shekarar ka aje tare da su. Ka ɗauko mana hoton mai Afirkar da rana kusa da taga, ba da filashi ba, ina son in ga zakin.